Tambaya da Amsa: Kujerar Dako da Ɗamarar Hawa, In An Janye Su Wa Zai Sanar da Mu?

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan wata, duk kuma a kan hawa sama suke. Ta farkon ce ta sa na haɗa su wuri ɗaya, don tun daren da na karanta ta hankalina bai kwanta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bin sawu ne, shekarata goma sha ɗaya ina aiki da rani a wani sansanin farauta a yankin Faro, in damina ta faɗi kuma in koma gonata a wajen Poli. Shekara huɗu da suka wuce wani Bature ɗan Amurka da muka yi kwana goma sha biyu tare a daji, da zai tafi sai ya bar mini kyautar wata kujerar ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin itace a zauna a yi dako, haɗe da ɗamarar da ake sawa a jiki saboda faɗowa. Na ɗaura ta a wata kanya a bakin gonata, daga nan nake gadin masara saboda gadu da gwaggon biri, kuma tun ranar ban sauke ta ba. To ɗana da ke karatu a Ngaundare ya ce ya gani a Facebook wai a Amurka ana karɓe irin waɗannan kujeru daga hannun mutane don suna karyewa. Gaskiya ne? Duka ne ko wasu? Ni dai tawa ba ta taɓa yi mini komai ba. In kuma tana cikinsu, kamfanin zai biya ni?

Mai bin sawu, daga Poli.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Zan amsa tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, amma akwai maganar da ta riga su: don Allah kada ka ƙara zama a kan kujerar nan sai ka sauke ta ƙasa ka dube ta da rana tsaka. Ko sunanta bai taɓa shiga jerin kayan da aka janye ba, damina huɗu da rani huɗu a jikin kanya sun isa su sa in hana ƙanena hawanta. Wajen saukewar ma ka sa tsani, wani ya riƙe maka, kada ka taka kujerar.

Abin da ɗanka ya gani gaskiya ne. A Amurka farautar barewa daga kan itace al'ada ce ta ɗimbin mutane, suna ɗaura kujerun nan a tsayin mita 5 zuwa 6, kuma faɗowa daga kansu na cikin manyan abubuwan da ke naƙasa mafarautansu. Suna da wata hukumar gwamnati mai suna CPSC da aka kafa a 1972 don sa ido kan kayan da ake sayar wa jama'a. In kamfani ya gano aibi mai haɗari a kayansa, doka ta wajabta masa ya sanar da hukumar nan take. Sai a fitar da sanarwa ɗauke da sunan kayan, da lambar samfurinsa, da hotonsa, da shekarun da aka sayar da shi, da abin da ke lalacewa a jikinsa, da abin da za a yi wa mai shi: ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a canza masa, ko a aiko masa da abin gyara. Janyewar ke nan. Ba jami'ai ne ke bi gida-gida suna ƙwacewa ba, mai kaya ake kira ya daina amfani da shi ya nemi kamfani. Tun 2008 kuma dokarsu ta hana sayar da abin da aka janye, ko da a gwanjo ne.

Ba duka ake janyewa ba. Samfuri ne takamaimai, wani lokaci ma na ƙirar shekara guda. A 2004 kamfanin Ardisam na jihar Wisconsin ya janye kujeru kimanin 78,000, kuma a 2008 ya amince ya biya tarar dala 420,000 saboda zargin bai kai rahoton raunukan da mutane suka ji a kan lokaci ba. A 2005 kamfanin Hunter's View ya janye ɗamaru kimanin 500,000 da aka sayar tare da kujeru, wato abin da aka yi don ya tare mutum in ya faɗo shi kansa yana iya tsinkewa. A 2020 an janye wasu kujerun X-Stand saboda wayar ƙarfen da ke riƙe su a jikin itace tana tsatsa har ta rabu. In ka bi sanarwoyin nan za ka ga wuraren ba su da yawa: walda ta tsage, ko waya ta yi tsatsa, ko ƙugiya ta buɗe, ko ɗinki ya saki. Dalilin da ya sa mutum uku ko biyar za su faɗo a janye dubbai kuwa shi ne injin ɗaya ne ya yi su, da ƙarfe iri ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ga inda abin ya shafe mu. Baƙonka ya sayi kujerar a wani shago a garinsu. In akwai katin rajista a kwalinta, da sunansa ya cike shi. Ranar da sanarwa za ta fito, wayarsa za ta shiga, a shagonsu za a manna ta, da Ingilishi. Shi kuwa mai yiwuwa ya manta ya taɓa barin kujera a Faro, ba don mugunta ba, kyauta ya yi ya wuce. Kaya yana hawa jirgi ya zo mana, yana shiga kwantena ya sauka Duwala, amma sanarwar ba ta biyo shi. A nan Kamaru muna da ANOR, hukumar kula da ingancin kaya da aka kafa a 2009, sai dai kyautar da ta shigo cikin jakar matafiyi ba ta bi ta teburin kowa ba. Babu mai neman ka a Poli ya gaya maka. Kai za ka je ka nemo labarin.

Neman ba shi da wuya tunda kana da ɗa mai waya. In ka sauke kujerar, duba ƙarƙashin mazauninta da jikin ƙarfen da ke jingina da itace, akwai takarda manne ko rubutu da aka buga a ƙarfen. Ɗamarar ma akwai ƙyalle ɗinke a jikinta mai sunan kamfani da ranar ƙira. Ɗauki hotunansu yadda za su karantu ka tura masa. Shi kuma ya shiga cpsc.gov ya rubuta sunan kamfanin a wurin neman kayan da aka janye, sannan ya duba shafin kamfanin kansa. Ya gwada lambar harafi da harafi, don samfuri biyu na iya kama da juna kamar tagwaye, ɗaya an janye ɗaya ba a janye ba. In rana ta cinye rubutun har ba ya karantuwa, to kujerar ta rasa shaidarta, ni a wurina ta gama aiki a sama.

Batun biya, ba na so in sa maka rai. An tsara waɗannan abubuwa ne don masu saye a can, kuma kuɗin aika ƙarfe daga Garwa zuwa Amurka zai fi kuɗin kujerar. Wasu kamfanonin ma sun rufe tuntuni. Hanya mafi kusa ita ce ka roƙi maigidan sansaninku ya tura wa baƙon saƙo, tunda shi ne mai rasit. In an samu wani abu, madalla. Amma ribar binciken a wurinka ita ce sanin abin da kake zaune a kai.

Mu dawo kan shekara huɗun nan. Masu ƙera kujerun da kansu suna cewa a sauke su in lokacin farauta ya ƙare, a ƙasarsu ke nan mai sanyi. Mu nan a Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kuma hasken rana yana cin zaren nailan a hankali: launinsa ya koɗe, ya bushe ya yi tauri, in ka murza shi ka ga gari a yatsanka. Kanya kuma ba ta tsaya jiranka ba, kowace damina tana ƙara kauri, igiyar da ka ɗaure tana ƙara ɗamewa dare da rana har ta gaji. Ruwan sama yana shiga cikin bututun ƙarfen ya kwanta, tsatsa ta ci daga ciki alhali fenti yana nan da kyansa a waje. Wayar da aka lulluɓe da roba ta fi ban tsoro, don ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin robar, in ka ga ta kumbura ko ta tsage ko tana zubar da jan ruwa, ta tafi. Ga kurege da ɓera masu gwaguyar igiya. Ɗamarar kuma, da yawa daga masu yin ta farauta shekara 5 suke ba ta, ka yi huɗu da ita, ba mu san nawa ta yi a hannun baƙon ba. Duba kuma nauyin da aka rubuta: galibi fam 300 ne, wato kilo 136, kuma da kai da bindiga da duk abin da ka hau da shi ake nufi.

Maganarka da ta hana ni barci ita ce "ba ta taɓa yi mini komai ba". Na taɓa jin ta a bakin kawuna, ƙanen mahaifiyata, maharbi ne a wajen Pitowa. Yana da gado na sanduna da ya ɗaure da igiyar rama a wata tsamiya kusa da mashaya, ya fi shekara goma yana hawanta. In mahaifiyata ta yi masa magana sai ya ce itacen nan ya san shi. A 1991, ina ɗan shekara goma sha huɗu, da asuba yana saukowa sanda ɗaya ta zame. Sai da hantsi aka same shi. Ya yi shekara bakwai a kwance, ni nake juya shi da safe kafin in tafi makaranta, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Babu wanda ya kai shi iya hawa a ƙauyen, amma gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Daga mita 5 zuwa ƙasa daƙiƙa ɗaya ce, kuma mutum yana isa da gudun kusan kilomita 36 a awa, kamar babur ya yi karo da katanga. A daƙiƙa ɗaya babu gwanintar da ke kama reshe.

Ka lura, kawu ba a zaune ya faɗo ba, a sauka ne. Yawancin masu faɗowa haka suke, wajen hawa, ko wajen sauka, ko lokacin ɗaga ƙafa daga tsani zuwa kujera. Wanda sai ya zauna sannan yake maƙala ɗamararsa ya bar wurin haɗarin a buɗe. Maganinsa igiyar hawa ta gaske, ba ta ɗaurin akuya ba, a ɗaure ta sama da kujera ta sauko har gindin itace, a naɗa mata siririyar igiya sau uku da ƙullin da ake kira Prusik, sunan wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya da ya fito da shi a 1931. In ka tura ƙullin da hannu yana tafiya, in nauyi ya faɗa masa sai ya cije. Da shi kana maƙale tun ƙafarka tana ƙasa har ta dawo ƙasa. Bindiga kuma kada ka hau da ita a kafaɗa: cire harsashi, ɗaure ta da wata igiya dabam, in ka zauna ka jawo ta, bakinta yana kallon ƙasa. Kai ma'aikacin sansani ne, ka fi ni sanin dokar farautar dare da fitila da iyakar gandun daji, ba sai na tuna maka ba.

Na san masara ba za ta jira binciken nan ba. Kafin ɗanka ya dawo da amsa, kafa rumfar gadi mai ƙafa huɗu wadda ba ta wuce tsayin mutum ba. Gadu ba ya kallon sama sosai, kuma daga wannan tsayin ko an faɗo galibi ana tashi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana yana ɗora sola da kwanon tauraron ɗan'adam a rufin gidaje a nan Marwa. Bara ya sa aka sayo masa ɗamarar hawa a kayan gwanjo daga Duwala, jaka takwas. Na lura an yanke ƙyallen rubutun da ke jikinta, kuma a akwati ɗaya yake zuba ta da batiran da yake kai wa mutane. Na yi masa magana ya ce kayan Turai ne, ba sa lalacewa, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. 'Ya'yanmu biyar. Ko dai tsorona ne ya yi yawa?

Uwargida, daga Domayo, Marwa.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoronki bai yi yawa ba, idonki ne ya ga abin da ya kamata a gani. Na yi shekara goma sha tara ina hawa turakun waya da dogayen ƙarafan sadarwa tsakanin Garwa da Kuseri, kuma abu biyun da kika ambata kowanne kaɗai ya isa a jefar da ɗamara.

Ƙyallen da aka yanke shi ne takardar haihuwarta. A jikinsa ake samun sunan kamfani, da ranar ƙira, da lambarta, da alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, da rubutun EN 361 in ta jiki duka ce da aka gwada don tare faɗuwa. In EN 358 kaɗai aka rubuta, ta jingina ce lokacin aiki, ba ta tare mai faɗowa ba ce. Da wannan ƙyalle ne mutum zai shiga RappelConso, shafin da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2021, wanda da Faransanci yake, maigidanki zai karanta da kansa, ko Safety Gate na Tarayyar Turai, ya ga ko an janye ta. Babu ƙyalle, babu abin nema. Kuma ki sani, a wuraren aiki da yawa in ɗamara ta gama wa'adinta ko ta taɓa tare wani, cire mata shaida ake yi ko a yanka ta don kada ta koma aiki. Ba zan rantse haka aka yi wa tasa ba, amma wanda ya sa almakashi a wurin yana da dalili. Kayan Turai ma suna tsufa: Petzl, kamfanin Faransa da ya shahara a wannan fanni, shekara 10 daga ranar ƙira ce iyakar da yake ba kayansa na zare, ko da ba a taɓa sa su ba.

Batirin ya fi damuna. Ruwan batir asid ne, kuma yana cin nailan. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido ba ya sani. Ɗigo kaɗan zai bushe, zaren ya zauna kamar lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa kuwa ya tafi. Ba a wanke wannan, ba a gyara shi.

Ki ba shi labarin Todd Skinner, Ba'amurke, ɗaya daga cikin gwanayen hawan dutse na zamaninsa. Ranar 23 ga Oktoba 2006 yana saukowa daga wani dutse a gandun dajin Yosemite na Amurka, madaukin gaban ɗamararsa ya tsinke saboda tsufa, ya faɗi daga tsayin kusan mita 150, ya rasu yana da shekara 47. Abokin hawansa ya nuna masa wurin da ya cinye kwanaki kaɗan kafin nan, ya ce ya riga ya yi odar sabuwa, ba ta iso ba ne. Ɗamarar ba jabu ba ce. Ta tsufa ne kawai.

Akwai kuma abin da masu aikin rufi da yawa ba su sani ba. Igiyar tare faɗuwa tana da wata 'yar jaka mai naɗaɗɗen zare da ke yagewa a hankali don jijjigar da za ta sami jiki kada ta wuce kimanin kilo 600. Igiyar mita 2 ce, jakar tana iya ƙara har mita 1.75, ga tsayin mutum, sai an sami sarari kusan mita 6 a ƙasa kafin ta yi amfani. Yawancin gidajen Marwa ba bene ba ne, rufinsu mita 3 ko 4. A irinsu mutum zai bugi ƙasa igiyarsa ba ta ko miƙe ba. Abin da ya dace da shi gajeriyar igiya ce da ba za ta bar shi ya kai bakin rufin ba, a ɗaure a ginshiƙi ko ƙarfen gini, ba a sandar kwanon da yake kafawa ba.

Maganar tsautsayi kuwa gaskiya ce, babu mai wuce ranarsa. Amma da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kada ki yi masa maganar a gaban yaran aikinsa. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki miƙa masa wannan shafi, ki ce wani tsohon mai hawa ne ya roƙe shi ya sayi sabuwa a shagon kayan aiki, a ledarta, da takardarta da rasit, ya kuma ware mata jakarta ita kaɗai nesa da batir da fetur da rana.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni makiyayi ne, shekarata ashirin da biyu. Da rani ina hawa gawo da maɗaci in saro wa shanu ganye. Ba ni da kuɗin ɗamarar Turawa, igiya nake ɗaurawa a ƙugu in ɗaura a reshe. Wannan ya isa?

Ɗanka, daga wajen Lere, Cadi.

AMSA: Ɗana, Allah ya tsare. Ya isa ga abu ɗaya, bai isa ga ɗayan ba. In igiyar gajeriya ce, a miƙe take, a ɗaure sama da kanka, tana ba ka damar jingina ka saki hannu biyu ka yi sara, to tana aiki, don tana hana faɗuwar tun ba ta fara ba. In kuwa ta yi sako-sako har za ka faɗo mita ɗaya ko biyu kafin ta tare ka, duk nauyinka a cikinka da bayanka zai sauka. Ko ta zame zuwa haƙarƙari ta hana ka numfashi, ko ta juya ka kai ƙasa. Saboda haka ne Amurka ta hana amfani da bel ɗin ƙugu wajen tare faɗuwa a aikin gini tun 1998, 'yan ƙungiyar masu ƙera kujerun farauta ta can kuma suka koma haɗa kowace kujera da ɗamarar jiki duka tun 2004. Kada ka yi ƙullin zarge. Kada ka ɗaura a reshen da kake sara, kuma ka nisanta igiyar daga bakin adda. Ganyen da lauje a kan doguwar gora zai iya kaiwa, ka saro shi kana tsaye a ƙasa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka hau kai kaɗai. Ko mai ɗamara ta gaske bai tsira ba don ta tare shi. A 2009 muna aiki a kan wani ƙarfen sadarwa a hanyar Gidar, abokin aikina ya zame a tsayin kusan mita 20, ɗamararsa ta riƙe shi. Yana lilo yana yi mana magana, yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kafin mu shirya igiyar sauke shi, kamar minti goma sha biyar, ya ce jiri yake ji, gumi ya rufe shi, kansa ya langaɓe. Allah ya sa mun kai gare shi. In mutum yana rataye ƙafafu ba motsi, madaurin cinya ya matse, jini yana taruwa a ƙafafu ba ya komawa sama. Wanda ya suma a ƙasa faɗuwa yake ya kwanta jinin ya dawo, wanda ya suma a rataye kuwa a tsaye yake zama. Hukumar kare ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hakan na iya kisa cikin ƙasa da minti 30. Wanda ya sami kansa a rataye ya yi ta motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, ya tokari itace, in yana da guntuwar igiya ya yi madauki ya taka ya miƙe. In an sauke shi a kwantar da shi, a kai shi asibiti ko ya ce ya warke.

In kuma mutum ya faɗo har ƙasa, ku gaya wa junanku wannan a ruga tun kafin ranar ta zo. Kada a zaunar da shi. Kada a kama hannu da ƙafa a ɗaga. Kada a ja masa wuya wai a miƙe shi, kada a sa shi a tsakiyar babur. A ciro ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, a ɗaure shi a kai da zannuwa. Asibiti tukuna, a yi hoto, kafin a yi zancen maɗori, don ƙashin baya ba karayar hannu ba ce. Mu da muka sami kawuna a gindin tsamiya, a naɗe muka sa shi cikin amalanke, hanya duk gargada. Da muka same shi yana motsa yatsun ƙafarsa. Da muka isa gari ba ya motsa su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Garwa. Na buɗe dila na sami ɗamarun hawa guda shida, huɗu da rubutunsu, biyu babu. Magina suna tambaya. In sayar?

Mai shago, Garwa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kuma na gode da ka tambaya kafin ka sayar. Biyun da ba su da rubutu, sa wuƙa ka yanke madaurin cinya da na kafaɗa yau, kada ka jefar da su a yadda suke, don wani zai tsinta ya sa. Huɗun, rubutu zai gaya maka shekarunsu da ko an janye su, amma ba zai gaya maka ko sun taɓa tare wani ko sun kwana kusa da batir ba, kai ma ba ka sani ba, maginin ma ba zai sani ba. Da ni ne, duka shidan zan yanka in sayar wa masu amalanke da 'yan babur su ɗaure kaya, zaren yana da ƙarfin wannan aikin. In ka ga asarar ta yi yawa, ka aiko da hotunan rubutun huɗun ta ofishin mujalla, in duba maka lambobinsu kafin fitowa ta gaba. Kafin nan ka sauke su daga rataye a gaban shago, rana tana dukansu.